Kalma Ɗari da Hamsin Don Bangon Madam Verhulst

Litinin, 6 ga Fabrairu

Ta ce eh.

Madam Verhulst, mai gidan nunin zane-zanen nan na bakin gada, ta zo da kanta yau da rana. Na kai ta rumfar da ke bayan gidanmu inda nake aiki, na jingina zanukan goma sha huɗu a bango ɗaya bayan ɗaya. Ko kwat ɗinta ba ta cire ba saboda sanyin wurin. Ta daɗe tana kallo. Har na fara tunanin yadda zan raka ta ƙofa ba tare da fuskata ta tona mini asiri ba. Sai ta ce, "Duka nake so, Mista Hiemstra. Sha takwas ga Maris, wata guda, ɗakin gaba."

Shekarata hamsin da bakwai. Ashirin da tara daga ciki a bayan sitiyarin bas na yi su a nan Leeuwarden. Ban taɓa rataye zanena inda baƙo zai gani ba sai sau ɗaya, a ɗakin cin abincin ma'aikata, shi ma wani ya jingina tsintsiya a jikinsa.

Da ta tafi na zauna a kan bokitin fenti, na yi wata ajiyar zuciya da ban san tana cikina ba. Baukje ta dawo daga kantin magani, na gaya mata tun kafin ta jingine keke. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, ban taɓa ganin ta bar keke ya faɗi ba sai yau.

Abu ɗaya ya rage. Madam tana son abin da ta kira bayanin mai zane: ɗan rubutu, kalma ɗari da hamsin, wane ne ni, me nake zanawa, don me. Za a manna shi a bango, a sa a katin gayyata da shafinta na intanet, a aika wa jarida. Nan da ashirin da huɗu ga wata. Na ce mata ba komai. Kalma ɗari da hamsin ai ko rahoton fashewar taya ya fi haka.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

"Sunana Eelco Hiemstra. Ina tuƙa bas. Ina zane." Kalma takwas. Kwana uku.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Baukje ta same ni a teburin kicin da takarda, ta leƙa ta kafaɗata. Ta ce, "Ƙara da cewa kana munshari, ka ga sun zama goma."

Ni dai ban ga amfanin abin ba. In da zan iya faɗa da baki, me zai kai ni shan wahalar fenti shekara shida? Filin ajiye motoci ne. Sau goma sha huɗu. Ga turken fitila, ga shingen ganye, ga motoci, wani lokaci ruwa a gilashin gaba. Mai ido ya gani.

Da yamma na bi ta wurin Gijs. Shi ya koya mini haɗa launi a ajin yamma na manya, tun ina riƙe buroshi kamar sifana. Ya yi makarantar zane, ya san yaren mutanen nan. Ya ce, "Kai direba, bar wa masu abin abinsu. Ka taɓa ganin na karɓe maka bas? Jibi za ka samu."

Na dawo gida ina fito a kan keke.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Rubutun Gijs ya iso. Ga farkonsa, don kada in manta irin abin da na kusa sa wa hannu:

"Hiemstra yana tuhumar sararin da zamani ya yasar, inda kwalta ke zama harshe, rashi kuma ke zama wani nau'in kasancewa. Aikinsa muhawara ce tsakanin fili da iyaka."

Na karanta wa Baukje tana fere dankali. Ta ce, "Kwalta ta zama harshe? To tambayar mini ita ko ta ga inda na ajiye tabarau." Ta yi dariya har ta yanke yatsa.

Ban fahimci ko layi ɗaya ba, amma gaskiya hankalina ya kwanta. Mutum zai iya tsayawa a bayan wannan rubutun, babu mai ganinsa. Na tura wa Madam.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Madam ta kira ni in zo bayan na tashi aiki. Na je da rigar kamfani a jikina.

Ta zuba mini gahawa, ta sa tabarau, ta karanta rubutun a bayyane daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai karanta wa yaro laifinsa. Sannan ta ce, "Wane ne ya rubuta?" Na ce aboki. Ta jawo wani aljihun tebur, cike yake da takardu. "Duk irinsa ne. Ka cire sunanka ka sa na kowa, babu abin da zai canja."

Na ce ai zanen ne za a saya, ba takardar ba.

Ta ce shekara ashirin da biyu tana kallon bayan kawunan mutane a ɗakin nan. Mutum yana shigowa daga ruwan sama, ya ba zane daƙiƙa biyar, ya wuce. Rubutun bango shi ne hannun da ke riƙo rigarsa ya ce tsaya tukuna. In ya tsaya, zanen zai yi sauran aikin. "Ni ba waƙa nake nema ba, Mista Hiemstra. Tambaya ɗaya ce. Me ya sa fili ɗaya sau goma sha huɗu?"

Ban san yadda aka yi ba. Ko gahawar ce, ko don ita baƙuwa ce. Na gaya mata.

Na ce shekara bakwai da suka wuce 'yarmu Nynke, tana da ashirin a lokacin, ta kamu da ciwon nan da ke hana mutum cin abinci, har ta koma ƙashi da fata. Aka kwantar da ita a wani asibiti a bayan gari, wata goma sha ɗaya. Baukje tana zuwa Laraba, ni Lahadi. Ba a buɗe wa masu ziyara sai ƙarfe biyu, ni kuma jinin direba, kullum ƙarfe ɗaya na isa. Sai in zauna a mota, in riƙa zana abin da ke gabana a bayan takardar jadawalin aiki, don hannuna ya sami abin yi. Daga waɗannan takardun zanukan suka fito.

Ban taɓa gaya wa wanda ba na gida ba. Ko Gijs. Da na gama sai na ji kamar na sauke buhun siminti daga wuya.

Ta cire tabarau. Na ga abin ya taɓa ta, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma na kuma ga lokacin da idon 'yar kasuwa ya dawo. Ta ce, "To ga bayaninka nan. Uba, 'ya, asibiti, Lahadi. Rubuta shi kamar yadda ka faɗa mini. Wannan jarida za ta zo."

Litinin, 20 ga Fabrairu

Na rubuta a lokacin hutu a tashar bas, da burodi da cuku a hannu ɗaya. Minti ashirin. Ya fito kamar an buɗe famfo: yadda wuyan hannunta ya koma, yadda take yanka tuffa gida goma sha shida, ranar da muka kai ta. Ya yi kyau. Ni kaina da na sake karantawa sai da na je banɗaki na wanke fuska.

Abu ɗaya ban sa ba, kuma ba zan sa ba. A nan kawai zan rubuta shi. Zane na tara, wanda babu mota ko ɗaya a ciki sai ruwa kwance. Wata Lahadi ce ta Nuwamba. Satin da ya gabata ta jefe ni da kofi, ta ce kada in sake zuwa kallonta kamar dabba a keji. Na je, na zauna, biyu ta yi, na ga mutane suna shiga. Uku ta yi, huɗu ta yi, suka fito suka tafi, filin ya zama wayam. Na tada mota na koma gida. Na buga waya asibitin na ce a gaya mata mota ta lalace mini a hanya. Baukje ma haka na gaya mata.

Na tura wa Madam rubutun, na ce ta duba kawai.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Na ba Baukje ta karanta bayan mun ci abinci. Ina jiran yabo, Allah ya sani.

Ta karanta, ta ninke takardar gida biyu, ta ɗora hannu a kai. "Ka tambaye ta?"

Na ce ai ban sa sunanta ba.

"'Ya'ya nawa gare ka, Eelco?"

Na ce ɗaya.

Ta ce in tuna Nynke malamar firamare ce a Groningen, aji na huɗu. Shugabar makarantarsu ba ta sani ba, iyayen yara ba su sani ba, ko iyayen saurayinta ba su sani ba. Ita ta zaɓi haka. "Sunanmu ɗaya, garinmu tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa. Kana so wata uwa ta karanta a jarida yadda malamar ɗanta take yanka tuffa? Wannan ba naka ba ne da za ka manna a bango."

Na ce ni ma na sha wahalar shekarar nan. Ta ce, "Ka sha. Amma ba wuyan hannunka ba ne."

Sai na tuna rubutun yana wurin Madam tun Litinin. Na buga mata nan take. Ta ɗauka a bugu na shida, kowane bugu kamar shekara. Ba ta kai wa maɗaba'a ba tukuna, Juma'a ta shirya. Na gode Allah. Na zauna a matakalar bene.

Ranta bai yi daɗi ba. Ta ce katunan gayyata ba sa jiran kowa. Ta ba ni zuwa Litinin. In babu rubutu ranar, za ta ba wata mai ginin tukwane watan Maris, ni kuma mu gani ko kaka. Na san ma'anar "mu gani".

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Na wuce tasha biyu yau da mutane tsaye suna ɗaga mini hannu. Na tura wa Nynke saƙo, zan zo Asabar. Ta ce, "Lafiya dai, Baba? Kai da ba ka zuwa sai famfo ya lalace."

Asabar, 25 ga Fabrairu

Zan rubuta wannan duka, ko da hannuna zai gaji.

Jirgin ƙarfe goma sha ɗaya. Ta yi miyar wake mai kauri da tsiran nama, ta ci kwano guda ta ƙara rabi. Har yau ina ƙirga lomarta a ɓoye, kuma ta san ina yi. Ta ce, "Baba, kalli naka kwanon."

Ta san da maganar nunin, ta yi murna tun ranar farko. Zanukan kuwa biyu ko uku ta taɓa gani a rumfa, ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa cewa ba. Na nuna mata hotunansu duka a waya. Sannan na miƙa mata takardar, na ce in ta ce a'a, a'a ɗin ce, ko da nunin zai rushe. Na tashi na tsaya a taga na ba ta baya.

Ta daɗe. Na ji ta ja hanci, na ce shi ke nan, na fama mata ciwo. Da na juyo, ashe dariya take dannewa, da hawaye a tare.

"Baba, ka rubuta ni kamar na mutu."

Na ce ba haka nake nufi ba.

"Saura ka sa ranar jana'iza. Ga ni nan fa, na ci miya." Ta goge ido da bayan hannu. Sai ta daina dariya. Ta ce a'a, ba ta yarda a manna wannan ba. Ba don kunya ba. Wata rana wataƙila ita da kanta za ta ba da labarin, ga wanda ta ga dama, da bakinta. Amma ba za ta tsaya a ɗaki mutane riƙe da kofin giya suna satar kallon hannunta ba.

Na ce na ji, na kuma gode. Kuma da gaske nake.  Na ce zan gaya wa Madam ta ba mai tukwane.

Ta ce, "Tsaya. Ba ni wayar." Ta riƙa tura hotunan da yatsa. "Nuna mini ni a nan. Ina nake? A wanne?" Babu. "Ko ginin ba ka zana ba. Kullum ka juya masa baya. To me ya kawo wuyan hannuna cikin bayanin? Wannan ba zanen marar lafiya ba ne. Zanen mutumin da ke zaune a mota ne."

Sai ta tsaya a kan na tara.

Ta ce, "Wannan ranar da motar ta lalace ce."

Na jawo kujera na zauna.

Ta ce ɗakinta yana hawa na biyu, tagarsa tana kallon filin. Kowace Lahadi tun sha biyu da rabi take tsayawa tana jiran shuɗiyar motar nan ta shigo. Tana ganina ina zane a kan sitiyari. Ranar ma ta gan ni. Ta ga biyu ta wuce, ta ga huɗu ta wuce, ta ga na tada mota. Bayan awa guda nas ta zo ta ce mahaifinki ya bugo, mota ta lalace.

Shekara bakwai. Shekara bakwai ina ɗauke da abin nan kamar garwashi a aljihu, ashe tana kallo ta taga.

Na ce ta yafe mini.  Ta ce ta yi fushi na sati guda, fushi mai tsanani. "Daga baya na ce, ni kaina a lokacin da zan iya ƙin shigowa wurina da na ƙi. Kuma awa uku ka yi a wurin, Baba. Wanda bai damu ba ba ya zama awa uku a filin mota cikin Nuwamba. Lahadin da ta biyo kuma ka shigo."

Na yi kuka a kicin ɗin 'yata, a kan kujera mai ƙafa ɗaya gajere da na yi alkawarin gyarawa tun bara. Ta bar ni na gama. Sannan ta turo mini biro da bayan wata takardar aikin ɗalibanta. "Rubuta naka. Ka bar ni a waje. Kuma in na ga kalmar da ɗan aji huɗu ba zai gane ba, zan ja mata jan layi."

A jirgin dawowa na yi barci har mai duba tikiti ya tashe ni a Leeuwarden. Rabona da irin wannan barcin na manta.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Na gaya wa Baukje maganar Nuwamba, muna shanya kaya. Ko juyowa ba ta yi ba. "Wace mota ce take lalacewa ranar Lahadi ta warke Litinin ba ta ga bakanike ba? Miƙo mini zanin gadon."

Ashe ni kaɗai ne a gidan nan nake zaton ina da asiri.

Ga abin da ya rage bayan jan biron Nynke, sau uku muna waya:

"Ni direban bas ne. Shekarun baya na yi wata goma sha ɗaya ina zuwa ziyara kowace Lahadi, a wani wuri da ba a buɗe ƙofa sai ƙarfe biyu. Kullum ƙarfe ɗaya nake isa. Awar nan a mota nake yin ta, ina kallon abin da ke gaban gilashi, ina tattara ƙarfin halin shiga. Akwai wasu motocin da mutane zaune a ciki. Ba mu taɓa gaisawa ba. Sau ɗaya na kasa shiga. Waɗannan zanukan abin da na gani ne a wannan awar. In ka taɓa zama a mota kana jira, ka san wurin."

Bai kai ɗari da hamsin ba. Ko ɗari bai kai ba.

Litinin, 27 ga Fabrairu

Madam ta karanta a tsaye. "Ka cire naman ka bar mini romo."

Na ce iyakar nawa ke nan.

Ta ce jarida ba za ta turo mutum don wani ya zauna a mota ba. Ko kalma ɗaya in ƙara, 'yata kawai, ba suna, ba ciwo. Mutane suna son su san wa ake jira. Na ce a'a. Ni da ko fasinja ya zage ni haƙuri nake ba shi, yau na ce wa mace mai gidan nuni a'a, har sau biyu. Na ce in bai isa ba ta kira mai tukwane, ba zan riƙe ta a zuciya ba. Na fara sa hula.

Ta sake karantawa, wannan karon a zaune. Ta tambaya ko da gaske ina so a bar "sau ɗaya na kasa shiga". Na ce eh. Ta ce to wannan layin shi zai riƙo rigar. Ta ɗauki waya ta kira maɗaba'a a gabana.

Da zan fita ta ce, "Kuma ka daina ce mini Madam, kana sa ni jin tsufa. Hanneke."

Na tsaya a kan gada na sayi soyayyen kifi na ci a tsaye cikin yayyafi. Na yi tsammanin zan ji kamar na ci yaƙi. Yunwa kawai na ji.

Juma'a, 3 ga Maris

Gijs ya ga katin gayyata. Ya yi fushi na kwana biyu, yau ya zo da motarsa mu kai zanukan wurin mai firam. Ya ce, "Kwana biyu na yi ina maka ɗinki, ka fita tsirara." Can a hanya ya ce shekara shida yana kallon zanukan nan bai taɓa tambayata ba. Na ce da ya tambaya ma da ban faɗa ba. Ya ce to mun yi kunnen doki.

Asabar, 18 ga Maris

An buɗe ƙarfe uku na rana. Baukje ta sa ni sa jaket ɗin bikin aure, ya matse ni a hammata.

Rubutun yana bangon hagu da baƙaƙen haruffa da aka manna ɗaya ɗaya, kowane kamar tsawon yatsa. Na kasa kallonsa kai tsaye. Kamar ka ga wandonka na ciki a kan igiyar maƙwabta.

Direbobi bakwai suka zo daga tasha. Ɗaya ya daka mini kafaɗa, "Wai kai ne kake isa awa guda kafin lokaci? To me ya sa bas ɗinka kullum a makare?" Suka cinye cukun Hanneke tas cikin minti goma. Amma na ga biyu daga cikinsu sun koma sun sake karantawa su kaɗai.

Jarida ba ta zo ba. Hanneke ta yi gaskiya.

A ɗayan ma ta yi gaskiya. Na tsaya a lungu ina kallon bayan kawuna kamar yadda ta ce. Mutum zai shigo yana kaɗe lema, ya karanta, ya juya ga zane na farko, sai tafiyarsa ta canja. Wata mata mai jan gashi ta zagaya ɗakin sau biyu, ta zo ta ce mini, "Ni nawa jiran ranar Talata ne." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Nynke ta zo da saurayinta. Ta tsaya gaban bangon ta karanta kamar ba ita ta ja masa layi ba. Babu wanda ya kalle ta sau biyu. Ta ci kek, ta yi wa Gijs tsiya a kan gyalensa. Wani mutum mai surutu ya tare ni a gabanta, wa nake jira a wurin, asibiti ne ko kurkuku? Na ce, "Wanda nake jira ya fito lafiya." Nynke ta miƙa masa farantin kek ta ce ya ɗauka kafin direbobi su gani.

Jan ɗigo uku a gefen zanuka kafin a rufe, alamar an saya. Na cire jaket a kan titi.

Talata, 28 ga Maris

Hanneke ta bugo. Wani tsohon manomi ya zo sau uku, yau ya sayi zane na huɗu, mai farar mota da mutum a ciki. Ya ce motarsa ce. Ba tasa ba ce, a wani lardin daban ya yi nasa jiran. Ba ta yi masa gardama ba.

Ta kuma ce mutane suna ɗaukar hoton rubutun da waya fiye da zanukan. Ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Na gyara kujerar Nynke.

Litinin, 17 ga Afrilu

An sauke zanukan. Takwas sun tafi gidajen mutane, shida sun dawo rumfa.

Na je da rana in taya Hanneke. Na tarar ta ɗauko reza za ta kankare rubutun, mai tukwane tana shigowa Laraba. Na ce ta kawo in yi, don kada bayanta ya yi ciwo. Ba don komai ba, don bayanta. Haruffan suna fita ɗaya ɗaya suna nannaɗewa a yatsa. Na fara daga ƙasa. Aikin minti goma ne, na yi kusan awa. Bangon ya koma fari fat kamar ba a taɓa cewa komai a kansa ba.

Ta kawo gahawa, ta tambaya ko akwai wani abu a gaba. Na ce babu, sai ɗan abin da nake gwadawa: mutanen da nake gani a madubin bas, waɗanda suka rugo da gudu ƙofa ta riga ta rufe. Yadda hannunsu yake sauka a hankali. Na ce akwai masu zagi, akwai masu yin kamar dama ba wannan bas ɗin suke so ba, waɗannan su suka fi ba ni tausayi. Na gaya mata wata tsohuwa mai koren lema, da dalilin da ya sa madubi yake ƙanƙantar da mutum daidai lokacin da ka bar shi, da girman ƙyallen zanen da nake ganin zai dace.

Sai na ga tana murmushi tana kallon agogo. Ta ce, "Eelco, gahawarka ta huce. Minti goma sha biyar ke nan kana magana."

Ta ƙara gishiri. Bai fi goma ba.